Gabas Daban, Alƙibla Daban: Darasin Usɗurlabi da Taurari ga Mutanen Zango

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya ƙawata sama da taurari, Ya sanya rana da wata suna tafiya a kan lissafi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka.

A 'yan shekarun nan akwai wata gardama da ke yawan tashi a masallatanmu na Nima da Mamobi, har su Fadama da Madina. Matashi zai ciro waya, ya ɗora ta a kan tabarma, ya ce kibiyar waya ta saɓa wa mihrabi, saboda haka sallar jama'a akwai magana. Dattijo kuma ya ce tun kafin a haifi uban mai wayar ake salla a nan, gabas dai gabas ce. Daga nan sai murya ta tashi, wani lokaci har a daina gaisawa. Alhali akwai alƙalin da zai raba wannan gardama, kuma yana bisa kanmu dare da rana. Magabata sun san yadda ake tambayarsa. Shi ne abin da nake so mu koya a wannan fitowa.

Taurari: abin da ya halatta da abin da ya haramta

Mu fara share hanya, don da an ce ilmin taurari sai hankalin wasu ya tafi wajen 'yan duba. Malamai sun raba wannan ilmi gida biyu. Na farko ilmin tasiri, wato a ce tauraro kaza shi ke kawo arziki ko tsiya, ko aure ko mutuwa. Wannan haramun ne, kuma ƙofa ce ta shirka. Na biyu ilmin tafiyar taurari: ina suke fitowa, ina suke faɗuwa, a wane lokaci. Wannan Alƙur'ani da kansa ya yi nuni gare shi. A duba Suratul An'am aya ta 97 da Suratun Nahli aya ta 16, inda Allah Ya ambaci taurari a matsayin abin da matafiyi ke gane hanya da su a tudu da teku. A duba kuma Suratu Yunus aya ta 5 a kan masaukan wata da ƙidayar shekaru. Tun da salla ba ta inganta sai da shigar lokaci da fuskantar alƙibla, sanin abin da zai kai mutum ga waɗannan biyun aikin addini ne.

Mene ne usɗurlabi?

Usɗurlabi wani faifai ne na tagulla, faɗinsa kamar na ƙaramin faranti, wanda aka zana taswirar sama a kansa. Asalinsa daga Yunanawa ne, Musulmi suka karɓe shi suka kyautata shi. Masu tarihi suna ambaton Fazari, a Bagadaza a ƙarni na 8, cikin Musulmin farko da suka ƙera shi. Mafi tsufa da ya rage yana ɗauke da shekarar ƙirarsa shi ne na wani maƙeri mai suna Nasɗulus, na shekara ta 315 bayan hijira, wato wajen 927, yana ajiye a Kuwait. A ƙarni na 10 ma akwai mace maƙeriyarsa a Halab, ana ce mata Al-Ijliyya, ta yi aiki a fadar Saifud Daula.

Ga yadda yake. Akwai babban faifan da ake kira ummu, wato uwa, mai ɗan zurfi. A cikinsa ake saka wani siririn faifai, safiha, mai zanen da'irori waɗanda ke nuna tsawon da tauraro ya yi daga ƙasa. A bisa safiha akwai wani faifan da aka huhhuje kamar saƙar gizo-gizo, shi ya sa sunansa ankabut. Kowane tsini a jikinsa tauraro ne sananne. A baya kuma akwai ma'auni mai juyawa, idada, da 'yan ƙofofi biyu na hange.

Mai aiki da shi zai rataye shi a babban yatsa, ya juya idada har ya hango tauraron da yake so ta ƙofofin nan biyu, ya karanta daraja nawa ya ɗaga. Daraja ita ce abin da 'yan boko ke kira digiri, da'ira cikakkiya tana da 360. Sai ya juyo gaba, ya murza ankabut har tsinin tauraron ya hau kan da'irar wannan darajar. Shi ke nan, faifan da ke hannunsa ya zama hoton sama a daidai wannan sa'a. Daga nan zai karanta nawa ya wuce na dare, nawa ya rage alfijir ya keto. Da rana kuma da hasken rana yake awo, ya fitar da zawali da la'asar.

Amma ku lura da wani abu, don shi ne zuciyar darasinmu. Kowace safiha an zana ta ne don gari guda, gwargwadon nisansa daga tsakiyar duniya. Safihar Alƙahira, mai daraja 30, ba za ta yi aiki a nan Ankara, babban birnin Gana, ba, don mu a wajen daraja 5 da rabi muke. Shi ya sa usɗurlabi ɗaya yakan zo da safiha da yawa, matafiyi yana canzawa. A Andalus, a ƙarni na 11, Zarƙali na birnin Ɗulaiɗila ya ƙirƙiro wata safiha da ke aiki a kowane gari. Abin nufi, sama ɗaya ce, amma kowane gari da yadda yake ganinta. Jadawalin sallar Kano ba na Nima ba ne, haka alƙiblar Kano.

Daga ƙarni na 13 manyan masallatan Masar da Sham suka riƙa ɗaukar ma'aikaci na musamman, muwaƙƙit, aikinsa kawai lissafin lokaci da alƙibla, shi ke gaya wa ladan ya hau. Mafi shahara cikinsu Ibnush Shaɗir na masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375. Ya yi wa hasumiyar masallacin agogon inuwa na marmara a wajen 1371. A Azhar kuma akwai Sibɗul Maridini, mai rubuce-rubuce a kan rubu'i, wato kwatan da'ira na katako mai zare da ɗan nauyi, wanda ya fi usɗurlabi araha. Kun ga ke nan wannan ilmi a cikin masallaci ya girma.

Matuƙan teku da madugan hamada

Matuƙan jiragen ruwa na tekun Indiya kayan aikinsu ya fi wannan sauƙi. Ɗan allo ne da igiya mai ƙulle-ƙulle, ana ce masa kamal. Matuƙi zai kama igiyar da haƙori, ya miƙa allon har gindinsa ya zauna a kan bakin ruwa, kansa ya taɓa tauraron arewa. Kowane ƙulli tashar wani gari ce. In awo ya yi daidai da ƙullin garin da ya nufa, ya san ya kai layinsa, sai ya juya gabas ko yamma. Ahmad bin Majid ya tattara wannan sani a Kitabul Fawa'id a wajen 1490.

Sirrin abin shi ne, tauraron arewa, wanda Larabawa ke kira Jadyu, kusan ba ya motsi, kuma tsawonsa a sama daidai yake da nisan garinka daga tsakiyar duniya. A Agadas yana wajen daraja 17, shi ya sa madugan ayarin gishiri masu ratsa Tenere zuwa Bilma suke samun sa sarai. A Kano daraja 12. A nan Ankara bai kai 6 ba, ya yi ƙasa ƙwarai, gine-gine da hazo sun rufe shi. Wanda ya karanta a littafin fiƙihu cewa ana gane alƙibla da Jadyu, ya fito lungun Nima yana nema, zai gaji bai gan shi ba. Mu sai mu nemi wata alamar, kuma Allah Ya ba mu, za mu zo kanta.

Gadon da ya iso mana

Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga fataucin goro, wata da watanni suke a hanya, suna sauka zango-zango, kuma daga nan sunan unguwanninmu ya samo asali. Ayari yana da madugu, yana da malami. Babu agogo, babu waya, amma salla biyar ba ta faɗi ba. Da rana mutum inuwarsa yake aunawa da tafin ƙafarsa, bisa ƙa'idar da malaman fiƙihu suka sani cewa tsawon mutum kimanin ƙafa bakwai ne da ƙafar kansa. In inuwa ta ƙaru da ƙafa bakwai a kan wadda ta rage lokacin zawali, la'asar ta shiga. Da dare kuma ga Zara matar wata, ga Gamzaki mai fitowa gabanin asuba, ga Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya.

Malamanmu sun kuma riƙe lissafin manzilolin nan 28, irin su Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasra, Ɗarfa da Jabha. Kowace kwana 13 take yi, sai Jabha mai 14, jimla 365. Da shi manoman ƙasar Hausa suke sanin lokacin shuka da girbi. Ƙasarmu ta kuma fitar da gwanayen hisabi, kamar Muhammadu bin Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti, shi ma masanin falaki ne.

To, ina alƙiblar Ankara?

A bakinmu, in an ce mutum ya fuskanci gabas, ana nufin ya fuskanci alƙibla. Magana ce ta yau da kullum, ba laifi. Amma wajen awo, gabas daban, alƙibla daban. Makka tana daraja 21 da ɗan ɗori arewa da tsakiyar duniya, mu muna 5 da rabi. Tana kuma daraja 40 gabas da mu, don layin da ake fara ƙidaya daga kansa ta Tema ya ratsa, nan kusa da mu. In aka buga lissafi, alƙiblar Ankara tana kan daraja 64 daga arewa. Ma'ana, ka fuskanci gabas sak, sannan ka karkata hagu da daraja 26. Ta Kumasi wajen 65 ce, ta Tamale da ta Kano wajen 68.

Inda matsala take shi ne masu cewa duk inda rana ta fito nan ne alƙibla. Rana ba ta da mafita guda. Sau biyu kawai a shekara take fitowa a gabas sak, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A ƙarshen Yuni tana fitowa kusan daraja 24 hagu da gabas, wato dab da alƙiblarmu. A ƙarshen Disamba kuwa tana komawa daraja 24 dama da gabas. Wanda ya shiga sabon ɗaki a watan Disamba, ya dubi mafitar rana ya shimfiɗa buzu, ya kauce da kusan daraja 50. In bai bincika ba haka zai yi ta salla shekara da shekaru. Rashin sani ya fi dare duhu.

Hanya uku da kowa zai iya

Ta farko, ranar da rana ke tsayawa a kan Ka'aba. Sau biyu a shekara rana takan daidaita a bisa Ɗakin Allah da tsakar ranar Makka: 27 ko 28 ga Mayu, da 15 ko 16 ga Yuli. A agogon Gana, ƙarfe 9:18 na safe ne a Mayu, 9:27 na safe a Yuli. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba. Kada a kalli ƙwayar rana, tana cutar da ido. A rataya zare da ɗan dutse a ƙarshensa, a bar shi ya natsu, a ja layi a kan inuwar zaren. Ka tsaya a kan layin, inuwa tana bayanka, rana tana gabanka, ka sami alƙibla. Na san lokacin damina ne a nan. In hadari ya rufe, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta, a wannan lokacin dai, bambancin kaɗan ne.

Ta biyu, da'irar inuwa, wadda littattafai ke kira da'ira hindiyya. Ita kowace rana mai haske ana yin ta. A sami wuri shimfiɗaɗɗe, kamar rufin bene ko filin makaranta. A kafa sanda a miƙe, a zana da'ira kewaye da ita da igiya. Da hantsi, lokacin da kan inuwa ya taɓa da'irar yana shigowa, a sa alama. Bayan azahar, lokacin da ya sake taɓa ta yana fita, a sa alama. Layin da ya haɗa alamun nan biyu shi ne gabas da yamma, alamar safe ce yamma. To, daga wani wuri a kan layin, auna taku biyu zuwa gabas, sannan taku ɗaya zuwa arewa, wato hagunka. Ja igiya daga inda ka fara zuwa inda ka tsaya. Wannan igiyar ita ce alƙiblar Ankara, kuskurenta bai kai daraja ɗaya ba. Almajirai ku haddace: biyu gabas, ɗaya arewa.

Ta uku, Kaza da 'Ya'yanta. Wannan wata ni'ima ce ga mutanen wannan gari. Surayya tana fitowa a wajen daraja 66 daga arewa, tazarar daraja biyu kacal da alƙiblarmu. Kuma saboda kusancinmu da tsakiyar duniya, kusan a miƙe take hawa, tana nan a wannan fuska har ta kusa rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakiyar sama. A watan Yuli ana ganin ta a gabas gabanin asuba. A Oktoba bayan lisha, a Nuwamba bayan magariba. Haskenta ba shi da ƙarfi, fitilun gari suna dushe shi, amma daren da aka yi dumso ku hau bene da yara ku nuna musu. In ta yi sama ƙwarai ko ta gangara yamma, ba a kafa hujja da ita.

Ita waya fa?

Lissafin da ke cikin waya shi ne dai lissafin su Biruni, wanda ya fitar da alƙiblar Gazna tun ƙarni na 11. Lambar da take bayarwa, 64, daidai ce in ta san garin da kake. Rauninta yana wajen kamfas ɗin da ke cikinta, don maganaɗisu yake bi. Kwanon rufi, rodin da ke cikin kankare, wayoyin lantarki, lasifikar masallaci, duk suna jan sa. Ka gwada da kanka: aza waya uku a sahu ɗaya, sau da yawa kowace da inda za ta nuna. Saboda haka kada a yanke wa mihrabi hukunci da waya a cikin ɗaki. A fita fili, a gwada ta da inuwa. In sun saɓa, maganar inuwa ake ɗauka, don rodi ba ya jan rana.

Hukuncin wanda ya kauce

A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ke Makka yana iya ganin Ka'aba, ita kanta zai fuskanta. Na nesa kuwa jiha aka ɗora masa, wato sashin da take, bayan ya yi iya ƙoƙarinsa. Wannan rahama ce. Tsakaninmu da Makka kimanin kilomita 4,650 ne, kaucewar daraja ɗaya tak daga nan tana zama sama da kilomita 70 a can. Da an ce sai an saiti ginin, da ba mai salla a Gana.

Wanda ya gane yana cikin salla cewa ya kauce kaɗan, sai ya juya ya ci gaba. In kaucewar mai yawa ce, kuma mai gani ne, ya yanke ya sake. In sai bayan sallama ya gane, an so ya sake matuƙar lokaci bai fita ba, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar. Sallolin shekarun baya da aka yi bisa ƙoƙari babu ramuwa. Malamai da yawa suna kimanta kaucewa mai yawa da abin da ya wuce daraja 45 dama ko hagu.

Ke nan masallacin da ya dubi gabas sak yana cikin jiha, sallarsa ingantacciya ce, kada wani yaro ya tayar wa mutane da hankali. Babban masallacin Ƙurɗuba ya karkata kudu fiye da lissafin masana, amma da Halifa Hakam na biyu ya faɗaɗa shi a shekarun 960, a kan fuskar magabata aka bar shi. Sai dai kuma ingancin salla bai hana a gyara ba in an sami yaƙini. Ku tuna mutanen Ƙuba. Suna cikin sallar asuba labari ya zo musu cewa an juya alƙibla, wata 16 ko 17 bayan hijira, suka juya a cikin sallar ba gardama. Filayenmu a Zango matsattsu ne, sau da yawa siffar fili ce ke tsara gini. Ba sai an rushe bango ba. Layin fenti a ƙasa, ko karkata shimfiɗa, ya wadatar.

Abin da nake roƙo

Ga kwamitocin masallatai: ku sa ranakun nan na Mayu da Yuli a kalandarku. Liman da ladan da dattawa biyu da matasa biyu su yi awon tare, kowa ya gani da idonsa, don gani ya kori ji. In an sami gyara, liman ne zai sanar cikin hikima, bayan shawara. Ga masu sabon gini: ku auna kafin a haƙa tushe, ku kuma duba fuskar bayan gida. Ga masu haƙar kabari da mahauta: ku ma alƙibla ta shafe ku. Ga iyayenmu mata masu salla a ɗaka, da masu shago a kasuwar Nima: ku sa a duba muku sau ɗaya, a yi alama a bango, an huta.

Ku kuma matasa, wanda ya ga kamar akwai kuskure ya sami liman a keɓe, da ladabi. Dattawan da suka gina masallatan nan da guminsu suka gina, sun yi iyakar saninsu, ladansu yana wurin Allah. Malaman makaranta kuma, a ware yini ɗaya a fitar da almajirai fili da sanda da igiya. Yaron da ya fitar da alƙibla da hannunsa ba zai manta ba, ko ina rayuwa ta kai shi.

Allah Ya daidaita fuskokinmu zuwa ƊakinSa, Ya daidaita zukatanmu a kan gaskiya, Ya jiƙan magabatanmu da malamanmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.